Kwana Goma Muna Hawa Metro a Delhi

Aikin idon Hajiya, mahaifiyar maigidana, shi ya kai mu Delhi, mu biyar har da yara biyu. Ranar farko mota muka ɗauka zuwa asibiti, tafiyar da aka ce ba nisa ta cinye mana kusan awa biyu. Hon ta ko'ina, ga a-daidaita-sahu masu kore da ruwan ɗorawa suna kutsawa ta kowace kafa. Hajiya da jiri ta sauka. Washegari muka koma Metro, jirgin cikin gari da ya fara aiki tun 2002, kuma shi muka riƙe har muka baro.

Abin da ya fi kwanta mini a rai shi ne taragon mata. Tarago na farko a kowane jirgi nasu ne zalla, da alama ruwan hoda a ƙasa inda za su tsaya. Wanda bai ga tashar Rajiv Chowk da yamma ba, ba zai san darajar wannan ba. Turereniya ce kamar wajen jifa a Mina, ga ni da tsohuwa mai bandeji a ido, ga yarinya riƙe da hijabina. A taragon mata kuwa ko an cika maƙil hankalinki kwance yake. Sau biyu 'yan mata suka tashi suka ba Hajiya kujera ba mu roƙa ba. Ko wajen binciken shiga tasha, mata layinsu daban, mace ce ke duba ki a bayan labule. Maigida da ɗanmu sai su shiga tarago na biyu, mu yi alkawarin tashar da za a sauka.

Kati muka saya muna zuba masa kuɗi, ya raba mu da bin layin tikiti. Ana sanar da kowace tasha da Indiyanci da Turanci, kuma kowane layi da launinsa, har sawun ƙafa masu launi aka manna a ƙasa a inda ake canjin jirgi. Hajiya ba ta yi boko ba, amma kwana uku ita ke cewa, "'Yar nan, rawaya za mu bi yau."

Ranar Juma'a muka sauka a tashar Jama Masjid, masallacin jan dutse da Sarki Shah Jahan ya gina, aka kammala a 1656. Na daɗe ban ji abin da na ji a harabarsa ba, sahu bayan sahu har matakala, tattabaru na shawagi a sama. Abincin halal kuwa a lungunan da ke gabansa sai wanda ka zaɓa. Daga nan keke mai feda ya kai mu Khari Baoli, kasuwar kayan yaji, inda ƙurar barkono ta sa mu atishawa har da hawaye. Na sayo kanumfari da kirfa.

Mai tafiya da tsoho ya shirya, domin canjin layi a manyan tashoshi tafiya ce mai tsawo, gara ya nemi lif tun farko. Ya kuma kauce wa lokacin fita aiki da na tashi. Ba a cin abinci a cikin jirgin, don haka a ƙosar da yara kafin a shiga. Mu mun koyi wannan ne da kukan ɗanmu tun daga tashar Hauz Khas har masauki.

Wata shida za mu koma a sake duba idon. Katunan suna cikin jakar Hajiya, ta hana kowa taɓa su.