Gamba ko kyasuwa: wacce za a bar wa wuri a gonar jigawa?

Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya ce yana da gonar jigawa da shanun huɗa biyu da 'yan tumaki, yana so ya ware wa ciyawa wuri, sai dai ya rasa wadda zai zaɓa tsakanin gamba da kyasuwa. Malam, kafin a zaɓa, ya kamata a lura cewa kyasuwa 'yar shekara ɗaya ce, tana tsirowa daga iri da damina ta mutu da kaka, ita kuwa gamba gindinta ɗaya yakan yi shekaru yana toho.

Daga nan sauran bambancin ya taso. Saiwar gamba tana nutsawa ƙasa ƙwarai, shi ya sa take jure rani mai tsawon wata takwas ko tara, kuma ko gobarar daji ta cinye ganyenta, gindin yana nan da rai. Duk wanda ya taɓa bin iyakar gona da bazara ya ga yadda ɗanyen toho yake fitowa daga tsakiyar baƙin gindin da wuta ta lashe, tun kafin ruwa ya zauna, a daidai lokacin da harawa ta ƙare a rumfa, shanu kuma suka rame ga shi huɗa ta gabato. A wannan lokacin irin kyasuwa yana kwance cikin ƙasa yana jiran ruwa.

Amma idan ingirici ake nema, kyasuwa ce a gaba. Tana da laushi, tumaki suna cinye ta ba sa barin komai, muddin an sa mata lauje kafin ta yi fure aka shanya ta a inuwa. Gamba tana da daɗi ga dabba ne tana ƙarama kawai; da zarar ta yi kara ta kai tsayin mita uku, sai ta yi tauri, amfaninta a ciki ya ragu, dabba ta tsinci ganye ta bar sauran. Sai dai wannan karan da dabba ta ƙi shi ne ake saƙa zana da shi, a yi jinka, a kewaye rumbu, kuma damin sa kuɗi ne a kasuwar ƙauye.

Wahalar gamba tana wajen kafa ta. Irinta mai gashi ne, mara nauyi, ba ya tsirowa da kyau, don haka ya fi sauƙi a tsaga tsohon gindi a dasa bayan ruwa ya zauna, a kuma hana dabbobi taɓa ta a shekarar farko. Tun da tsibi-tsibi take fitowa, sai a matsa dashen a jere, a gicciye hanyar ruwa da iska, in ba haka ba yashi zai bi ta tsakani ya wuce. Ba abin rainawa ba ce: gambar da aka ɗauka daga Shika kusa da Zariya ita aka raba wa makiyayan Kolombiya da Barazil a 1980.

A gonarka, Malam, ni da zan dasa gamba a iyaka ta gefen da iska take bugowa, in bar wa kyasuwa sauran da ba a noma bana, in kuma ƙyale wani yanki nata ya zubar da iri kafin a yanke.