Binciken biyan kuɗi na 'yan lise: ya kai miliyan ɗaya da rabi kuwa?

Iyayen da ke son tura 'ya'yansu jami'o'in Amurka sun fara cin karo da wata haja a intanet. Kamfanoni ne da ke haɗa ɗan lise da wani mai karatun digiri na uku, ya koya masa bincike, a ƙarshe a fito da maƙala. Tallar kullum ɗaya ce, wai maƙalar za ta ɗaga takardun yaro sama da na sauran.

Abin da ake saya shi ne zama goma zuwa goma sha biyu ta Zoom, awa guda kowanne, cikin wata uku ko huɗu. Farashi yakan tashi daga dalar Amurka 2,500 (ba dalarmu ta sayen ƙuli-ƙuli ba), wato wajen sefa miliyan ɗaya da rabi. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jaka 42 ne a wata, kenan gumin kusan shekara uku.

Ba a ce babu amfani ba. Yaron da ya dace da malami nagari zai iya karanta maƙalar kimiyya, ya san yadda ake kawo hujja, turancinsa kuma ya gyaru. Sai dai babu ɗakin gwaji, don haka mafi yawan aikin tattara abin da wasu suka rubuta ne. Mujallun da ake bugawa a ciki kuma, wasunsu ba sa mayar da kowa in dai ya biya. Kafar labarai ta Amurka ProPublica ta tona wannan ciniki a 2023, kuma masu tantance takardu a jami'o'i ba a duhu suke ba. Ga wahalar gida: Yamai na gaban New York da awa biyar ko shida, zaman kan faɗo da dare, a ɗauke wuta, intanet ya yanke, duk a shekarar da yaro ke fama da bak.

To yaron da ke tsaron shagon mahaifinsa a Katako bayan an tashi lakkol, ko yarinyar da ke riƙe lissafin ɗinkin uwarta a Tawa, an cuce su kenan? Ba kamar yadda talla ke nunawa ba. A Common App, shafin da jami'o'i sama da 1,000 ke karɓar takardu ta kansa, akwai gurbin rubuta ayyuka goma da yaro ke yi a wajen aji. Aikin da ake biya da hidimar gida kowanne na da rukuninsa, kafaɗa da kafaɗa da bincike. Kuma jami'o'i da yawa na fitar da takardar alƙalumansu mai suna Common Data Set duk shekara. A duba sashen C7, za a ga nauyin da suka ba aikin neman kuɗi. Bincike ma ba shi da layi nasa a wurin.

Inda yaranmu ke faɗuwa shi ne wurin rubutawa. Kunya ke sa su ɓoye aikin, ko su ce "ina taya babana" su tsaya nan. Haruffa 150 kawai aka bayar na bayani, ban da gurbin awa nawa a sati da sati nawa a shekara, kowanne sai ya yi aiki: kuɗi nawa ke bi ta hannunsa, wa ke rubuta bashi, wa ke zuwa saro kaya. Awa 20 a sati har shekara uku, ga maki mai kyau, magana ce mai nauyi. Maƙalar neman shiga, mai iyakar kalma 650, nan ne wurin faɗaɗa ta.

Gaskiya ɗaya dai, jami'o'in da suka fi karkata ga kimiyya suna son ganin hannun yaro a bincike, kuma mai hali ya fi samun hanya. Amma ana iya yi ba miliyan. Ɗan Galmi ya auna albasa kilo 20 a rudu, wata kilo 20 a ɗaki, ya riƙa aunawa duk sati har sati 12, yana rubuta nauyi da yawan wadda ta ruɓe. Sikeli da littafi ne jarin. Malamin kimiyyarsa ya duba aikin, in an yi sa'a wani malami a Jami'ar Djibo Hamani ko Abdou Moumouni ya leƙa. Wannan, ko an tsare shi da tambayoyi, zai amsa, don shi ya yi.

Kafin a ciro ko jaka ɗaya, a fara binciken biza, domin a Yulin 2025 ofishin jakadancin Amurka na Yamai ya dakatar da bayar da ita. Masu harin Maroko ko Aljeriya ta hannun ANAB, hukumar tallafin karatu ta ƙasa, kuwa, makin bak aka fi dubawa.