Hattara da masu tallar "man Jamus" a waya, ku masu motar gas

Salamu alaikum 'yan uwa masu motar gas, musamman waɗanda suka sayi 'yar Kwatano ƙirar 2010 zuwa sama. Akwai wasu da suka cika WhatsApp da Facebook da tallar baƙin mai, wai man Jamus ne mai ƙarancin toka, ragowar kwantena, kuɗinsa bai kai rabin na dila ba. Ba su da shago. Ka tura kuɗi, ɗan sahu ya miƙo maka jarka a bakin titi, shi ke nan an rabu. Don Allah kada ku saya.

Abin da ya sa damfarar take ci shi ne ɓarnar ba ta fitowa nan take. Tun da Turai ta fara aiki da dokar hayaƙi ta Euro 5 a 2009, kusan duk motar gas da aka ƙera musu tana da matata a cikin salansa, wadda kanikawa ke kira DPF. Aikinta tare kunkunniyar hayaƙi. In ta taru, motar da kanta take ƙara zafin salansa ya kai wajen digiri 600 ta ƙone ta, galibi a kan doguwar tafiya. Amma toka ba ta ƙonuwa. Kowane inji yana shan ɗan mai, kuma sinadaran da ake zubawa cikin man, irin su kalsiyam da zinc, toka suke bari. Kaɗan-kaɗan take cika ramukan matatar. Mota za ta yi watanni tana tafiya lafiya lau, mai ita har yana yi wa mai sayarwa godiya. Sai wata rana fitila ta kama a dashbod, mota ta ƙi ja, shan gas ya ƙaru, ka zaro sandar awo ka ga mai ya haura alama saboda gas na zubowa ciki. Lokacin nan lambar mutumin ta daɗe a kashe.

Ƙarancin toka ba a gane shi da ido ko da shafawa a yatsa, duk wanda ya ce maka yana ganewa cika baki ne. Rubutun jarka kaɗai gare ka, su kuwa jarkar suke sata. Suna bin gareji-gareji suna sayen fanko na manyan kamfanoni, su ɗura mai na ganga, wani lokaci ma tsohon man juye da aka tace.

Na riƙe ɗaya daga cikin jarkokin nan a hannuna. Zoben murfin a tsinke yake, an ɗiga masa gam. Lambar da ake bugawa a gindin jarka an goge ta, sai ɗan tabo. Da aka buɗe, ƙauri ne ya fara tarar mu. Abin dariyar ma takardar baya: an rubuta ACEA C3, wato ajin mai a ma'aunin kamfanonin motocin Turai, an kuma rubuta wani ajin, A3/B4, kusa da ita. A ƙa'idar da ake bi yanzu waɗannan biyun ba sa haɗuwa a mai ɗaya, domin tokar C3 ba ta wuce kashi 0.8 cikin 100, ta A3/B4 kuwa daga 1.0 take farawa har 1.6. Wanda ya buga takardar bai san abin da yake kwafa ba.

Kuma kada a ruɗe ku da 5W-30. Wannan kaurin mai ne kawai, bai ce komai a kan toka ba. Buɗe littafin motarka ka ga lambar man da ta nema, ka dube ta a jikin jarka: Marsandi MB 229.51, Volkswagen da Audi 507 00, BMW Longlife-04, Renault RN0720. C1 da C4 tokarsu ta fi ƙasa, 0.5 ce iyakarta. Manyan motoci kuma su nemi ma'aunin Amurka na API, CJ-4 ko CK-4. Ka saya wurin dila mai shago da rasit, inda za ka iya komawa gobe ka yi magana.

Wata damfara ta biyu tana biyo baya, ita ma a kula. Idan matatar ta toshe, wani bakaniken zai ce "Alhaji, a cire ta kawai a huta", ya kuma ce bar masa tsohuwar ya jefar. Ba jefarwa zai yi ba, yawancinsu akwai filatinam a ciki, akwai masu saye. In za a cire, karɓi abarka, ko da yake ni wankewa na fi so in tana wankuwa.

Ko man gaskiya ka samu, kada ka bi dogon zangon juye na Turai. Gas ɗinsu sulfa kashi 10 cikin miliyan ne iyaka, namu sau da yawa ya fi haka, kuma man da yake da ƙarancin toka yana saurin gajiya da shi. Wanda ya ci karo da jabu ya kai wa hukumar SON mai kula da ingancin kaya jarkar da lambar wayar. In an gama maka juye kuma, sa wuƙa ka huda jarkar kafin ka bar gareji.