Anghami a kunnen Bahaushen Jidda

Manhajar sauraron waƙoƙi ta Anghami, wadda aka kafa a Beirut a 2012 kafin ta mayar da hedikwatarta Abu Dhabi a 2021, tana cikin hanyoyin da suka fi sauƙi ga Bahaushen da ke zaune a Jidda ko Makka ya san waƙoƙin mutanen da yake rayuwa a cikinsu. Ƙarfinta yana wajen kiɗan Larabawa, domin wanda ya saurari mawaƙan Saudiyya irin su Talal Maddah ko Muhammad Abdu, nan take za ta jero masa mawaƙan yankin Khalij, wato ƙasashen Larabawa na Tekun Fasha, tsofaffi da masu tasowa, waɗanda da wuya ya ci karo da su a wani wuri. Makaɗin da ya tashi da kalangu zai ƙaru matuƙa idan ya kasa kunne ga yadda ake haɗa tafi da ganguna a samri, wani kiɗan gargajiya na yankin, ko yadda garayar Larabawa ta ud ke bin muryar mawaƙi sannu a hankali.

Ana iya amfani da ita kyauta, sai dai tallace-tallace suna katse sauraro, kuma sauke waƙa domin ji ba tare da intanet ba sai wanda ya biya kuɗin wata. A ganina kuɗin bai yi yawa ba ga mai sauraro kullum.

Waƙoƙin Hausa kuwa, musamman na makaɗan gargajiya irin su Mamman Shata, har yanzu YouTube ya fi wadata da su, don haka mai neman na gida gara ya riƙe manhajojin biyu a wayarsa.