Sandal ɗin makaranta ɗinkin gida: fatar ta yi, amma ban manta da safar 'yata ba

Tun watan Satumban 2024 nake son in rubuta wannan, sai na ce bari dai takalman su ga damina su ga hunturu tukuna, kada in yi magana cikin fushi in ɗauki alhakin bawan Allah. Yanzu sun cinye zango uku cif a ƙafar yara, sun shiga na huɗu. Fushin dai bai gama sauka ba, kada in yi muku ƙarya.

Yara uku gare ni a makaranta, maza biyu, sai autarsu mace da ke aji biyu na firamare a lokacin. Duk uwar da ke Jos ta san yadda ake yi. Ana saura kwana uku a koma makaranta ki gangara kasuwar Terminus, ki tsaya gaban masu baza kaya a bakin titin Ahmadu Bello, ki ɗauki sandal ɗan Chana mai sheƙi kamar an shafa masa man gyaɗa, ku yi ciniki ki dawo gida. Sati shida ya yi yawa, saman ya fara ɓarewa kamar ɓawon albasa, sai ki ga ashe leda ce aka manna wa yadi. Maɗaurin ya tsinke, ki kai wa shumeka, ya ce babu inda allura za ta kama. Haka na yi ta yi, kowane zango sabon saye. In kuɗi sun ɗan samu in leƙa kasuwar Katako in tono gwanjo, shi kuma sai in kin dace da lamba.

Yayana ne ya matsa min. Ya yi shekaru yana aiki a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri a Kaduna har aka rufe ta, ya dawo Jos yana 'yan buga-buga. Ba a taɓo masa maganar kayan waje a zauna lafiya. Zai fara miki tun daga 1957 da aka buɗe masaƙa ta farko a Kaduna zamanin Sardauna, ya gangaro har yadda atamfar Chana ta cika Kantin Kwari. Ranar da ya ga tarin matattun takalma a bayan ƙofata ya ce, “Ke yanzu ba ki jin kunya? Ƙasar da ake kai fatarta Turai, ke kina saya wa 'ya'yanki leda.” Na ce, “Yaya, aljihuna nake dubawa.” Ya ce aljihun ne ma ya kamata ya hana ni. Ya tuna min takalmin kotina na kamfanin Bata da muka sa muna yara, wanda babba ke cirewa ya miƙa wa ƙaninsa. Nan ya kama ni, domin ni ma na gaji nasa.

An ce min in je Naraguta, inda aka san su da aikin fata tun da daɗewa, amma wata maƙwabciyata ta kwatanta min wani dattijo a wani lungu kusa da mu, shi da yaransa uku a ɗan shago. Ba zan faɗi sunansa ba, ba tonon silili na zo yi ba.

Zuwan farko ya burge ni ƙwarai. Ya sa kowane yaro ya taka kwali, ya zagaye ƙafar da biro, ya ƙara ɗan yatsa ɗaya a gaba saboda girma. Ya jawo fatar daga ƙarƙashin benci ya ce in shinshina, ya lanƙwasa ta biyu ya sake ta, ko alamar karaya babu. Ya ce daga Kano yake sarowa. Kuɗin da ya yanka ya ninka na Terminus har da ɗoriya. Na ja, ya ɗan rage, na ba da rabi kafin alƙalami. Ya ce kwana goma. Saura sati uku a koma makaranta, na ce ai akwai fili.

Sau huɗu ina komawa. Na farko babu wuta. Na biyu yaron da ke ɗinki ya tafi Bauchi biki. Na uku sol bai iso ba. Na huɗu ya ce, “Hajiya, gobe in sha Allahu,” ko ɗago kai bai yi ba. Kowane zuwa kuɗin keke ne, kuma kun san abin da kuɗin keke ya zama tun da aka cire tallafin mai a 2023. Sai ranar Lahadi bayan isha'i, ana gobe komawa, yaronsa ya kawo min su a baƙar leda. Na mazan ruwan ƙasa, na yarinyar baƙi kamar yadda makarantarsu ta ce. Na ji wani wari mai hawa kai daga nata, na ɗauka gam ne. Dare ya yi, ban duba ba.

Litinin da safe na sa mata sabuwar farar safa, ta fita tana taku ɗai-ɗai don a ga takalmin. Wajen ƙarfe ɗaya hadari ya haɗo daga gabas, irin ruwan Satumban Jos da ba ya sallama. Ya kama su a hanya.

Da ta shigo gida ban fara ganin fuskarta ba, ƙafarta na gani. Safar nan ta koma wani launi tsakanin baƙi da shuɗi, shatin igiyoyin sandal ɗin ya fito raɗau a kai kamar an zana. Na cire safar, ƙafar ma haka, har tsakanin yatsu, har ƙarƙashin farce. Duk inda ta taka a siminti sai ya bar sawu. Ga wani ƙulli na zare a dunduniya da ba a kwantar ba, ya goge mata fata har ya yi ruwa. Tana kuka tana cewa tun a bakin get yara suka taru suna nuna ta, wai ta taka gawayi, wani ya ce ƙafar agwagwa. Yarinya 'yar shekara bakwai, ranar farko a sabon aji. Na zaunar da ita a baho, na sa sabulu na sa soso, har na koma lemon tsami. Kwana uku rinin nan yana ƙafarta kamar lallen da aka yi da mugunta. Safar kuwa na jiƙa ta kwana biyu a ruwan bilic, ƙarshe tsumman goge murhu ta zama. Washegari ta ce ita ba za ta je makaranta ba, sai da babanta ya ɗauke ta da kansa, sanye da tsohon ɗan Chanan da na riga na jefa a kwandon shara na koma na tsamo.

Na ɗauki takalmin da safar na nufi shagon. Na ajiye masa a kan benci ban ce komai ba. Ya juya shi, ya goga yatsa a ciki, yatsan ya fito baƙi. Sai ɗaya daga cikin yaran ya yi subutar baki: ashe baƙar fatar ce ta ƙare, ranar Asabar da dare suka yanka ruwan ƙasar suka shafa mata rini da soso, ciki da waje, ba shafi, ba a bar ta ta bushe ba.

Kuskure kowa na yi. Da ya ce min, “Hajiya, mun yi gaggawa, ki yafe,” da wallahi maganar ta mutu a nan. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, “Ai kayan gida ne, sai ana haƙuri. Ku ne kuke so ƙasa ta ci gaba, kuma abu kaɗan ku ce na waje ya fi.”

Wannan maganar ita ce har yau take ci min rai. Na ce, “Baba, da girmanka. Ni na baro mai araha na zo wurinka, na biya ninki, na yi sawu huɗu. Wane haƙuri kuma ya rage min? Kishin ƙasar ni kaɗai aka ɗora wa? Kai naka kishin bai kai ka bar rini ya bushe ba?” Ɗan Chana da nake saye bai taɓa ce min yana da inganci ba, na san abin da na saya, shi ma mai sayarwar ya sani. Wanda ya shinshina min fata ya yi min alkawari shi ne ya kunyata min 'ya.

Ya yi shiru, ya ce in zauna. A gabana ya farke cikin, ya goge rinin, ya yanko wata fata mai laushi ya yi masa shafi, ya kwantar da ƙullin da guduma. Kuɗin safa dai bai ko ɗaga maganar ba, ni ma na bar shi.

Zaman da na yi na awa biyu a shagon nan ya ɗan sanyaya min jiki, dole in faɗa. Na tambaye shi me ya sa sol ke hana shi aiki. Ya buɗe wani buhu ya nuna min: sol ɗin, gam ɗin, ƙarfen maɗaurin, har zaren, duk da rubutun waje a jikin ledarsu. Fatar da hannunsa ne kawai namu. Ya ce duk ranar da dala ta motsa, gwangwanin gam ya motsa, kuma kowa ya ga yadda dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Injin goge sol ɗinsa sai da wuta, in babu sai janareta. Fatar ma, ya ce mai kyan ba ta zuwa hannun irinsu. Majemun Sharaɗa da Chalawa a Kano waje suke fitar da mai daraja ta farko, Italiya da Sifen, a yi jaka da takalmi a dawo mana da su da tsadar da ba ma iya taɓawa. Fatar jar akuyar Sakkwato ce fa Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, don a da ta can ayari ke bi da ita. Ta shanu kuma, ya yi dariya, ya ce rabinta mun cinye a miya. Ni da nake son ganda ban ce uffan ba.

To, ga gaskiyar da ba zan ɓoye ba: takalman mazan sun ba ni mamaki. Yaran nan biyu ba takalmi suke sawa ba, yaƙi suke da shi. Ƙwallo a kan tsakuwa, hawan duwatsun bayan makaranta, tsallaka kwata. Hunturu ya zo da sanyin nan namu na Disamba da ke busar da leda ta tsattsage, fatar nan ko gezau, man kaɗanya kawai nake shafa mata ranar Asabar. A zango na biyu sol ɗin babban ya buɗe baki ta gaba, na aika, aka ɗinke aka dawo da shi a ranar, bai karɓi ko sisi ba. Wannan kam ɗan Chana ba zai yi miki ba, don ba ki san ma wa za ki kai wa ƙara ba. Da na zauna na yi lissafi, abin da na saba kashewa sau uku a shekara ya fi abin da na ba dattijon nan sau ɗaya. Araha ba ta ado, Yaya ya yi gaskiya, ko da yake ban gaya masa ba don kada ya samu abin faɗa. Na yarinyar ma tun da aka yi masa shafi bai ƙara zuba ba. Sai dai ita ba ta yafe ba. Ko hadari ta gani sai ta ce a ba ta baƙar safa.

Har na fara tallata shi a wurin aiki, mata biyu suka karɓi kwatance.

Sai ga hutun bana. Ƙafar auta ta girma, na ce wannan karon ba za a yi da ni ba, na je tun saura wata guda cur. Na biya duka ma, ba rabi ba, don kada a ce kuɗin kaya ne. Na ce, “Baba, baƙar fata ta asali, ba shafe ba.” Ya ce ya ji, har da dafa ƙirji. A watan Mayun 2025 ne gwamnatin tarayya ta fito da tsarin nan na cewa ma'aikatu su fifita kayan da aka yi a Najeriya, ana ta maganarsa a rediyo, shi ma yana ta murna wai yanzu za a san da su. Na ce Allah ya sa, ni dai takalmi nake jira.

Aka koma makaranta babu takalmi. Wai ya samu aikin wata makarantar kuɗi, ƙafa sittin, sai ya ture namu gefe. Ko waya bai yi min ba, ga lambata a rubuce a jikin kwalin awon. Ɗaya daga cikin matan da na tura ita ma haka ya yi mata, ta tare ni a ofis tana min kallon kamar mun haɗa baki. Ranar Lahadi da yamma na sake samun kaina a Terminus, gaban mai baza kaya, ina cinikin ɗan Chana mai sheƙi, kuɗina kuma na can kwance a wurin mai kayan gida.

Bayan kwana tara yaronsa ya kawo. Na jiƙa farin ƙyalle na goga ciki da waje a gabansa kafin in karɓa, bai zuba ba. Ɗinkin ya yi kyau, ya fi na bara ma, abin haushin ke nan. Yaya ya zo ya ɗaga shi yana juyawa yana cewa, “Kin gani ko? Wa zai ce ba daga Italiya ba?” Na shiga ɗaki na ɗauko masa ɗan Chanan da ta sa kwana tara, na ajiye kusa da shi, na ce, “Wannan kuma kai za ka biya ni kuɗinsa, Yaya, ko Baba?”