Taron kolaj a Katsina: zaman yamma ne ya fanshi na safe

Duk wanda ya tambaye ni ko taron masana kan fasahar kolaj da aka yi a wata babbar makaranta nan cikin Katsina ya ci kuɗin rajistarsa, zan ce masa ya ci, amma ba dukansa ba. Ni malamin zane ne a wata sakandare, kuma kolaj yana cikin abin da muke koya wa 'yan ƙananan azuzuwa: a yanko takarda ko ƙyalle ko hoto, a jera a kan kwali, a liƙe, har ya tashi hoto guda. A yawancin makarantunmu aikin ranar da babu fenti ne. Abin da ya kai ni ke nan, in ji me masu bincike suka hango a cikinsa.

Maganar lokaci ba sai na ja ta ba. An rubuta ƙarfe tara, ba a buɗe da addu'a ba sai da hantsi ya dubi ludayi, saboda ana jiran babban baƙo. Da ya iso kuma aka shiga jero sunayen manya da muƙamansu, kowane mai magana sai ya sake jero su daga farko. Wanda zai zo irin wannan taro nan gaba, ya yi kalacinsa a natse.

Takardar farko ta wani farfesa ce, kan tarihi, kuma ita ce mafi tsari a duk na safen. Ya fara daga inda littattafai suka saba farawa, wato Faransa a 1912. A farkon shekarar Pablo Picasso ya samo wani yankin leda mai zanen saƙar kujera, ya liƙa a jikin zanensa maimakon ya zana saƙar da hannu, ya kuma zagaye hoton da igiya. A watan Satumba abokinsa Georges Braque ya ga takardar ado ta bango mai kama da jikin katako a wani kanti a garin Abinyon, ya saya, ya yayyanka, ya liƙa, ya yi zanen gawayi a kai. Farfesan ya tsaya a kan dalilin da ya sa wannan ya tayar da ƙura: ɗaruruwan shekaru gwanintar mai zane a Turai ita ce ya kwaikwayi abu da fenti har ido ya ruɗu, sai ga wasu sun ɗauko abin kanti sun ɗora, suna cewa shi ma zane ne.

Abin da ya burge ni shi ne bai bar mu da cewa su biyun ne suka ƙago yanka da liƙawa ba. Ya nuna takardun waƙoƙi na Japan na ƙarni na 12, waɗanda aka haɗa da yagaggun takardu masu launi daban-daban kafin a yi rubutu a kai. Ya kawo Mary Delany ta Ingila, wadda ta fara a 1772 tana da shekara 72, ta yi furanni na yankakkiyar takarda kusan dubu, suna nan ajiye a gidan tarihi na Landan. Daga nan ya wuce Jamus: Kurt Schwitters na garin Hanoba, mai tsintar tikitin mota da yagaggun takardu a titi, wanda ya gudu daga mulkin Hitila a 1937 ya rasu a Ingila a 1948, da Hannah Höch ta Balin, wadda tun 1919 take yanko hotunan 'yan siyasa da injuna daga mujallu tana haɗa su don ta yi wa masu mulki shaguɓe. Ashe aikinta na albashi ma fitar da zanen ɗinki da saƙa ne a wani kamfanin ɗab'i, almakashi ba baƙonta ba ne. Ya rufe da Henri Matisse, wanda bayan tiyatar da aka yi masa a 1941 tsayuwa gaban allon zane ta gagare shi, sai mataimakansa su shafe takardu da launi, shi kuma yana zaune yana yanka, ana kafe su a bango yana cewa a matsa nan, a ɗaga can.

Duk wannan da baki muka fi jin sa. Zauren ba labule, rana ta cika shi, majigin kuma ya tsufa. Aikin Matisse da aka ce shuɗinsa har ɗaukar ido yake, mu toka-toka muka gani. Taron da duk maganarsa a kan launi da gefen takarda take, a ce ba a tanadi ko zannuwan rufe taga ba, wannan sakaci ne. Na ga ɗalibai a bayana sun haƙura da bangon, suna neman hotunan a wayoyinsu.

Takardun da suka biyo baya ba su da wani armashi. Karanta su aka yi kalma bayan kalma da Turanci mai nauyi, kai a sunkuye, kuma biyu daga ciki sun sake maimaita labarin 1912 ɗin nan daga tushe. Wadda ta fita daban ita ce ta wata malama da ta yi magana kan 'yan Afirka. Ta kawo Wangechi Mutu ta Kenya, da Njideka Akunyili Crosby, haifaffiyar Inugu a 1983, ɗiyar marigayiya Dora Akunyili, wadda take ɗauko hotunan mujallun Najeriya da na albam ɗin gidansu tana sauke su a jikin bango da tufafin mutanen da ta zana. Ta kuma taɓo El Anatsui, mutumin Gana da ya koyar a Nsukka tun 1975, mai ɗinke murafun kwalabe da wayar tagulla, ko da yake ta ce nasa ya fi kusa da sassaƙa. Tambayar da ta jefa ta zauna mini: Höch ta yi wasu ayyuka da hotunan sassaƙen Afirka da ta yanko ta ɗora a kan jikin matan Turai, to idan ɗan Afirka ya riƙe almakashin, me zai yanka, kuma me zai bari?

Inda nake da ƙorafi na gaske shi ne har aka tashi sallar azahar ba wanda ya ambaci Katsina. Sai a lokacin tambayoyi wani dattijo da ya zo tare da ɗansa ɗalibi ya miƙe, ya ce da Hausa: "Allah ya gafarta malam, ni baduku ne. Abin nan da kuke nunawa, in na fahimta, a yanka wannan a ɗora kan wancan ne. To mu jar fata muke yanke wa fure mu ɗora kan baƙa, mu huda ta sama don koriyar da ke ƙasa ta leƙo. Namu sunansa me a wajenku?" Zaure ya ɗauki tafi. Farfesan ya amsa da ladabi, ya ce, "Baba, naku ya girmi nasu," amma ya ƙara da abin da nake ganin gaskiya ne, ko da yake bai yi wa wasu daɗi ba. Ya ce a dukanci ana so gaɓar ta ɓace, tumtum ko jakar ta fito sumul kamar da ma haka aka halicce ta, alhali mai kolaj so yake ka ga gaɓar, ka gane cewa wannan guntun jarida ne, wancan tikiti ne, kowanne ya zo da labarinsa. Dangi ne, amma ba abu ɗaya ba ne.

Wannan musayar ta minti biyar ita ya kamata a gina wunin a kanta. Ga kayan dokin hawan Sallah, ga faci da teloli suke haɗawa da ragowar atamfa, ga tasoshin da magina suke kafewa a rufin soro, ga jeren ɗakin amarya. Ko ɗaya ba a yi wa takarda ba. Masu shirya taron sun gayyato mutane daga nesa, ba su aika kasuwa a kira mutum ɗaya ba, sai da Allah ya kawo shi da ƙafarsa.

Bayan abinci (shinkafa da miya, ba laifi, ruwan ne dai ya yi kaɗan) aka koma ɗakin aiki, kuma a nan kuɗina ya fita. Wani matashin malami ne ya jagoranta, da Hausa, hannunsa duk gam. Ya zube buhunan siminti, tsofaffin jaridu, katin waya da aka kankare, ledar sinadarin ɗanɗano da ƙyallayen tela, ya ce kowa ya fitar da Hasumiyar Gobarau ba tare da ya taɓa fensir ba. Dokarsa ta farko: kada a taɓa gam sai an gama jerawa, an ɗauki hoton jerin da waya, sannan a kwashe a fara liƙawa daga abin da ke can baya. Ya nuna mana cewa takarda tana da hanya: in ka yage ta ta tsawonta sai ta tafi miƙe, in ka juya ta sai ta yage a karkace da gefe mai gashi-gashi. Wannan gefen ya yi amfani da shi ya fitar da jikin ginin ƙasa, takardar siminti kuma launinta ya dace da hasumiyar ba sai an ƙara komai ba. Matakalar kuwa da reza ya yanke ta, don kaifin gefen ya bambanta da laushin bangon.

Ya daɗe a kan gam, kuma ya kyauta. Ƙaro da aka jiƙa ya kwana yana kama takarda mara nauyi da tsabta, amma in ya bushe yana da saurin tsagewa. Kokon sitacin rogo ya fi arha kuma yana shimfiɗuwa, sai dai kyankyasai da gara suna son sa. Farin gam na kafintoci ya fi ƙarfi, amma in ka cika shi a kan jarida sai ta yamutse kamar rigar da ta kwana a ƙasan akwati. Dabararsa ita ce a shafa kaɗan daga tsakiya zuwa gefe, a ɗora wata takarda a kai a murza da bayan cokali, sannan a danne da littattafai. Don kada kwali ya lanƙwashe, musamman da hunturu, a liƙa masa wata takardar a baya, don ƙarfin da ke jan kwalin ya zo daidai ta fuska biyu. Ya kuma gargaɗe mu cewa jarida ba ta da tsawon rai, tana komawa ruwan ƙasa, kuma haka na Picasso ma suka koma. Har sauke hoto irin na Akunyili ya gwada mana: a kifa hoton da aka yi wa fotokwafi, a jiƙa bayansa da ruwan goge farce, a murza da ƙarfi. Hoton yana sauka a juye, dusu-dusu, kuma sai na injin fotokwafi yake yi, na firinta mai ruwan tawada ba ya sauka. A buɗe taga kafin a fara, warin yana hawa kai.

A nan ne wata ɗaliba ta yi tambayar da na san iyayen ɗalibaina za su yi, kan hoton mai rai. Malamin bai yi fatawa ba, ya ce wannan a kai wa malamai, amma ya nuna cewa ana yin kolaj cikakke da gini, da bishiya, da zayyana irin ta allo da ta hula, ba tare da fuska ko ɗaya ba. Ya ƙara da abin da babu shi a cikin kowace takardar safe: kafin a sa wa jarida ko kalanda almakashi a duba gaba da baya, kada a yanka aya ko sunan Allah, kada kuma su faɗa cikin sharar da za a share. Duk malamin da zai kai wannan aiki aji a garin nan, da wannan zai fara.

Almakashi bai wadata ba, mutum biyar na jiran ɗaya, kuma an tashe mu kafin aikin da yawa ya bushe saboda za a raba takardar shaida, wadda na lura wasu ita kaɗai ta kawo su. In an sake shiryawa, malamin zane da ɗalibi da tela su je, su riƙo almakashinsu da kwalinsu, su zauna kusa da gaba. An yi alkawarin turo takardun da aka gabatar ta WhatsApp, har yanzu ta malamar nan kaɗai ta shigo, kuma da kanta ta turo.