Fijo 504: Man da Na Zuba a Akwatin Giya da Bak Aksul, da Abin da Na Gani

Duk mai Fijo 504 da ake zuba wa mai iri ɗaya a akwatin giya da bak aksul, to ɗaya daga cikin biyun yana cutuwa. Abin da ya sa na rubuta wannan sharhi ke nan a kan mayuka biyu da nake amfani da su tun kafin hunturun bara: Total Quartz 5000 20W-50 a akwatin giya, da Mobilube HD 80W-90 a bak aksul. Motata salon ce mai giya huɗu, haɗin Kaduna, daga masana'antar PAN, wato kamfanin Peugeot (Fijo) na Najeriya, da ke Kakuri, wadda ta fara haɗa motoci a 1975. Faransa ta daina ƙera salon ɗin 504 tun 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har 2006, shi ya sa har gobe ba a rasa kayanta da kanikawanta a garuruwanmu.

Wanda ya san mayuka zai ce ai Quartz 5000 baƙin man inji ne, me ya kai shi giya? Shi ɗin ne kuwa, kuma da gangan na zuba shi. Akwatin giyar 504 mai giya huɗu, wanda Peugeot ke kira BA7, man inji aka tsara masa tun daga kamfani. Littafin motar na wancan zamani man Esso 10W-40 ya rubuta, irin wanda ake zubawa a inji, kuma abin da akwatin ke ci lita 1.15 ne kacal. Mutane da yawa ba sa yarda da wannan in an faɗa musu, saboda an saba ganin man giya mai kauri da warin farar wuta, ana auna shi a kwalba a bakin titi.

Lokacin da motar ta zo hannuna, irin wannan mai kaurin ne a cikinta, lamba 140, gaba da baya. Da rana tsaka ba ka jin komai. Amma da asubar hunturu, hannun giya sai ya yi tauri kamar an cusa shi cikin daskararren man shanu, kuma giya ta biyu ba ta shiga sai da ƙarar haƙora, ko da an taka kuloci har ƙasa. Wani dattijon bakanike da ya ƙware a Fijo ya kwance notin juye, ya shafa man a yatsa ya sansana, ya ce: "Alhaji, wannan na tirela ne. Ita wannan baiwar Allah ba ta son shi a gaba." Na ce masa, "Baba, ba kuloci ba ne?" Ya ce a fara da mai tukuna, shi ne mai araha.

Dalilin yana cikin akwatin. Kowace giya ta gaba tana da zoben tagulla wanda aikinsa shi ne ya kama ƙarfe ya daidaita gudun haƙoran kafin su haɗu. Zoben nan sai ya ture man da ke tsakaninsa da ƙarfen sannan ya iya kamawa. In man ya yi kauri da yawa, ba ya turuwa da wuri, sai haƙora su riga zoben isa, ka ji ƙara. Sannan akwai maganar sinadari. Man giya aji-aji ne, akwai GL-4 akwai GL-5, kuma man da aka rubuta wa GL-5 yana ɗauke da farar wuta da fosfaras masu yawa, kusan ninki biyu na wanda ke cikin GL-4. Suna yin wani rufi a kan ƙarfe don kada haƙora su cinye juna, amma tagulla ta fi ƙarfe laushi, rufin kan ɓanɓaro ta a hankali, kuma santsin da yake ƙarawa yana hana zoben kamawa. Mayukan GL-5 na yanzu sun fi na da sauƙi a kan tagulla, wannan gaskiya ne, amma ban ga hikimar gwaji a kan zobban da sun haura shekara talatin ba.

Lambobin ma suna ruɗar mutane. Ma'aunin kaurin man giya daban yake da na man inji. Man giya lamba 90 kaurinsa kusan ɗaya ne da man inji lamba 40 zuwa 50. Ke nan 20W-50 ba tsinkakken mai ba ne a akwatin giya, daidai yake da abin da ake buƙata. Na zaɓe shi maimakon 10W-40 saboda zafinmu na Afrilu da ke wuce digiri 40, da tsufan akwatin, da kuma cewa ana samunsa a gidan mai a rufe da hatiminsa.

Abin da na gani bayan juye: hannun giya ya saki tun a ranar. Hunturu ya zo ya wuce ina tayar da mota da asuba, giya ta biyu na shiga ba gardama, in dai na ba ta ɗan lokaci ban fizge ta ba. A tafiya mai nisa ta hanyar Zariya zuwa Kano cikin zafi, ban ji giya ta yi sako-sako ko ta fara kuka ba. Sai dai mai ba ya mayar da abin da ya riga ya cinye. In na sauko daga ta uku zuwa ta biyu da gudu, har yanzu nakan ji ɗan ƙas, wannan kuwa zoben ne ya sha jiki, sai an sauke akwati. Haka kuma ɗigon da mai kaurin ke ɓoyewa ya bayyana a bayan akwatin, dole aka canza oyil sil, wato robar da ke hana mai yoyo. Ban ɗauki wannan aibu ba. Gara a san inda ke yoyo a toshe, da a riƙa rufe shi da man da ke cin giya.

Bak aksul kuma labarinsa ya sha bamban, a nan ne GL-5 yake da gida. Ƙaramin haƙorin da farfela, wato sandar da ke kai juyi daga akwatin giya zuwa baya, ke juyawa ba a tsakiyar babban faifan yake shiga ba, ƙasa-ƙasa yake, don haka haƙoran ba tura juna kawai suke yi ba, suna gogar juna ne a ƙarƙashin nauyi mai tsanani. Man inji ba zai iya tsayawa a wurin ba, matsewar za ta kore shi ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Sinadaran nan da nake gudu a akwatin giya su ne ke ceton haƙoran baya, kuma babu zoben tagulla a can da za su ci. Mobilube HD 80W-90 GL-5 ne, bak aksul ɗin ya ci kimanin lita ɗaya da rabi.

A nan canjin bai fito fili kamar na giya ba, kuma ban sa ran zai fito ba. Akwai wani gurnani da bayan motar ke yi in na ɗage ƙafa daga totur, ya ragu amma bai ɓace ba. Abin da ya fi gamsar da ni shi ne da muka buɗe notin dubawa bayan damina: man yana nan garau, bai yi kumfa ba, bai koma fari-fari irin na wanda ruwa ya shiga ba, babu ƙyallin garin ƙarfe a yatsa. Masu wagon da a-kori-kura da ke lodin buhuna suna bin hanyoyin kasuwannin ƙauye, in sun zuba 85W-140 GL-5 a baya ba zan yi musu da su ba, nauyinsu da zafinsu sun kai. Ga salon mai ɗaukar iyali, 80W-90 ya isa.

Masu Fijo 404 su yi hattara, kada su kwafi abin da na faɗa kai tsaye. Salon ɗin 404 bak aksul ɗinta na dabam ne, dunƙulen ƙarfe mai murɗe ne ke juya faifan tagulla, kuma Peugeot ta ware masa nasa mai, har da wani na man zurma da ba a gauraya shi da kowane mai. Zuba masa duk abin da aka samu hanya ce ta cinye faifan da samunsa yanzu sai an sha wahala. Mai 504 otomatik shi ma nasa jan mai ne daban.

Wajen juyen kansa, a yi shi mota na da ɗumi, tana tsaye a wuri mai daidai. A fara kwance notin zubawa na gefe kafin na ƙasa, domin in aka zubar da mai sannan na gefen ya ƙi kwantuwa, an shiga uku. Notocin Fijo makulli mai kusurwa huɗu suke so, ba a dukan su da kurfi. A zuba har sai mai ya fara dawowa ta ramin, nan ne ma'auninsa, ƙari a kan haka oyil sil yake fasawa. Ni kuma ina tsayawa a buɗe galan a gabana, don jabun mai ya yi yawa a kasuwa, kuma robar kirki ba ta nufin na cikinta na kirki ne. Wanda akwatinsa ba na asali ba ne, tunda an sha canza wa 504 akwati da na 505 mai giya biyar, ya sa bakanike ya tabbatar masa da irin wanda ke jikin motar kafin ya sayi mai.

Zan sake sayen duka biyun a juye na gaba. Galan ɗaya na Quartz mai lita huɗu yana cika akwatin giya sau uku har da saura, ga bak aksul kuma lita biyu ta wadatar.